Mutum yana raye amma ba a san ko wane ne ba: ta ina ake fara cigiya?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani lamari da nake so masana su warware mana. A ƙarshen watan Agustan 2004 aka tsinci wani mutum a sume, ba ko sutura a jikinsa, a bayan wani gidan abinci na Burger King a garin Richmond Hill da ke jihar Jojiya a Amurka. Da ya farfaɗo bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, shi ya raɗa wa kansa Benjaman Kyle. An kai zanen yatsunsa wurin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, babu. An nuna shi a talabijin, babu. Sai a 2015 aka gano asalinsa, bayan shekara 11. To idan ƙasar da komai nata yake cikin kwamfuta ta sha wannan wuya, mu nan fa? A ce an kawo irinsa asibiti yau, mene ne mataki na farko, mene ne na biyu?

Yaya Nas:
Wa alaikumus salam, Baban Iman. Tun kafin a je ga kwamfuta, yawancin shaidar a sa'ar farko take salwanta. A kawo mutum jina-jina, a sa almakashi a yanke rigarsa, mai shara ta kwashe, waɗanda suka kawo shi su watse kowa yana tsoron a riƙe shi a matsayin shaida. Bayan kwana uku a fara tambayar ina aka tsince shi, ba mai amsa.

Don haka yayin da ake ceton rai, mutum ɗaya ya tsaya da biro. Ya rubuta sunan wanda ya kawo shi da lambar wayarsa, ainihin wurin da aka ɗauko shi (ba "hanyar Zariya" kawai ba, daidai wane gari, kusa da wane gidan mai), da ƙarfe nawa. Kaya duk a adana, har takalmi da hula da laya. Idan da jini a bari su bushe a sa a takarda ko kwali, leda tana sa su yi fumfuna. A ba shi sunan wucin gadi da lambar da babu mai irinta, a ɗaura masa a hannu, domin ranar da aka kawo mutum biyu marasa suna daga haɗari ɗaya, nan ake musanya sakamakon jini, kuma wannan kuskure yana kisa.

Sai hoto: gaba, gefen dama, gefen hagu, da wuri. Kumburin fuska yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, lokacin ko uwarsa sai ta yi shakka. Idan ya saɓe a sake ɗauka. A kuma bi jikin a rubuta komai: tsaga, tabon ƙuna, ɗinkin tiyata, haƙorin da ya fita ko na Makka, yatsan da ya guntule, kantar hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa, rashin suna ba hujja ba ne.

Dokta Mai Sauƙi:
Na yarda da Yaya Nas. In ƙara cewa dalilin shirun nasa shi yake nuna hanyar da za a bi, kuma dalilan ba ɗaya ba ne. Da farko a auna sukari, domin idan ya faɗi ƙasa mutum yakan rikice kamar mai taɓin hankali, a ba shi gulukos cikin mintuna ya faɗi sunansa da na kakansa. Haka zazzaɓi mai zafi, ko bayan farfaɗiya, ko maye.

Wanda ya bugu a kai yakan manta abin da ya faru dab da haɗarin da bayansa, amma yawanci tsohon abu irin sunansa da garinsu yana dawowa, sai dai a yi ta tambaya a lokuta daban-daban, a rubuta kowace amsa ko da ta saɓa wa ta jiya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa kuwa, sau da yawa ya san ko shi wane ne sarai, kalmar ce ba ta fita. Irin wannan kar a ce masa "ina ne garinku?". A jero masa garuruwa ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga kai ko ya matse hannu, a saka tambayoyin da aka san amsarsu a tsakani don a gane ko ɗaga kan nasa abin dogaro ne. Wani abin mamaki, abin da baki ya saba da shi yakan tsira: ƙirga, Fatiha, waƙa. A miƙa masa waya ma, wani lokaci yatsa ya danna lambar da baki ya kasa faɗa.

Mai gigin tsufa zai ba ka adireshin gidan da ya tashi yana yaro, ba inda yake zaune yanzu ba. Kar a yar da amsar, can za a samu dangi. Irin na Benjaman Kyle, a ce mutum yana magana lafiya lau amma tarihinsa kaf ya shafe shekara da shekaru, abu ne da ba a cika gani ba.

Ɗan Tasha:
Ranka ya daɗe Dokta, idan daga haɗarin mota aka ɗauko shi, a fara da tasha. Motar da ta yi lodi a cikin tasha akwai takardar fasinja, suna da lambar ɗan'uwa. A samo lambar motar daga jami'an kiyaye haɗura, a je wurin 'yan yuniyan, su sun san direba da inda ya taso. Haruffa ukun farko na lambar suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, kamar KMC ko FGE a Kano, amma wannan ba ya nufin daga can ta taso ranar. Inda ake shan wuya shi ne fasinjan bakin hanya, ba ya cikin takarda. Wasu kuma su rubuta lambar ƙarya don gajen haƙuri.

A laluba aljihu da kyau. Rasit ɗin POS yana ɗauke da sunan shago da lokaci. Ledar fiya wata tana ɗauke da adireshin kamfani, kuma ba a cika kai ta nesa da inda aka yi ta ba. Katin asibiti, tikitin kasuwa, tambarin tela a wuyan riga, duk hanya ce.

Maman Hanif:
Ni fa a ganina duk wannan dogon zance ne. A ɗauki hotonsa a sa a Facebook da WhatsApp, kafin la'asar wani ya gane shi. Ba haka ake yi kullum ba?

Malam Na Rajista:
Hajiya, yana aiki, ba a musu, amma bari mu zo kansa. Akwai abin da ya fi shi sauri idan an samu waya. Ko ta fashe, a cire layin a sa a wata wayar, a jira kira ya shigo, a duba lambobin da aka adana a kan layin. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, saboda haka kamfanin waya ya san sunan da ke kan layin, 'yan sanda za su iya nema a rubuce. A dai yi hattara, layuka da yawa da sunan miji ko wa ko mai shago aka yi musu rajista. Sunan da ya fito bakin zare ne, ba lallai shi ne mara lafiyar ba.

Game da zanen yatsa, ga abin da ya kayar da Amurkawa: na'ura ba ta san kowa ba sai wanda aka taɓa ɗauka. Rumbun FBI na waɗanda aka taɓa kamawa ne da waɗanda aikinsu ya sa aka ɗauki yatsunsu. Wanda bai taɓa shiga ba, ko sau dubu aka bincika babu shi. Ta wannan fuskar mu muna da abin da za a laluba, domin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, tana ɗaukar yatsu goma da hoton fuska, bankuna suna ɗauka don BVN tun 2014, hukumar zaɓe ma tana da nata.

Bincike iri biyu ne. Akwai a ce ga lamba ga yatsa, shin sun dace? Wannan mai sauƙi ne, shi ake yi a banki kullum. Akwai kuma a ce ga yatsa kawai, a nemo mai shi cikin miliyoyi. Na biyun shi muke buƙata, kuma ba mai shagon rajista a bakin titi ne zai yi shi ba, sai hukuma ta nema a hukumance, balle da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sannan yatsun manomi, da birkila mai taɓa siminti, da mai wankau, da tsoho, sukan shafe. A wanke hannun, a shafa ɗan mai kaɗan a goge, a ɗauki duk goman. Idan ya kwana biyu a kwance ba aiki, zanen yakan ɗan farfaɗo, a sake gwadawa. Lalle mai kauri ma yana hana na'ura karantawa.

Maman Hanif:
To ai ka ga ni, Malam. Kafin takarda ta je ofis ta dawo, hoto ya zaga Arewa sau uku.

Anti Mai Walwala:
Maman Hanif, saurin nasa shi ne haɗarinsa. A dubi abin da ya faru a Ingila a 2005. An tsinci wani saurayi a tsibirin Sheppey da kwat jiƙe sharkaf, an cire duk tambarin kayansa, ba ya magana. Ya zana hoton fiyano, jaridu suka yi ta yayata shi, aka yi ta kira ɗaruruwa, wannan ya ce ɗan ƙasa kaza ne, wancan ya ce makaɗin da ya sani ne. Wata huɗu ana bin zaren banza, sai da ya buɗe baki da kansa aka san Bajamushe ne. Kowane kiran ƙarya yana cin lokacin ma'aikaci.

Idan za a sa hoto, a fara kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a karɓi shaidar an shigar. Hoton ya zama fuska ce a wanke, ba jini, ba tsiraici. A rubuta kwanan wata a jikin hoton kansa, in ba haka ba bayan shekara uku yana nan yana yawo ana cigiyar wanda tuni ya koma gida. Lambar waya ɗaya tak, ta ofis. Abu mafi muhimmanci, a ɓoye alama biyu ko uku da ke ƙarƙashin tufa, kar a faɗe su ko a rediyo. Duk wanda ya zo ya ce nasa ne, shi zai faɗe su.

Misalin wannan shi ne Geeta, yarinyar nan kurma 'yar Indiya da aka tsinta a Pakistan, gidauniyar Edhi ta raine ta, aka mayar da ita Indiya a watan Oktoban 2015. Iyalai da dama sun fito kowa ya ce 'yarsa ce, har da waɗanda ita kanta ta nuna a hoto, gwajin DNA ya ce a'a. Sai a 2021 aka haɗa ta da wata mata a jihar Maharashtra, wadda ta faɗi cewa akwai tabon ƙuna a cikinta, aka duba aka gani. Ba duk mai da'awa ne maƙaryaci ba, wani zafin rashin nasa ne yake sa ya ga kama inda babu. Wani kuwa mugu ne. Shi ya sa yaro ƙarami da budurwa ba a miƙa su don mutum ya zo yana kuka. Ya kawo tsohon hoto, ya zo da mai unguwarsu, a yi a gaban hukuma, a rubuta.

Kawu Na Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da na ga ba a taɓo ba shi ne kunne. In mutum yana magana ko kaɗan, bakinsa takardar shaida ce. A ɗauki muryarsa a waya yana hira ba tare da an matsa masa ba, a kunna wa mutanen yankuna daban-daban. Wanda ya ce "hwari" da "lahiya" da "gidanai" da "mi ka so", a duba yamma, Sakkwato da Zamfara da Gobir har Tawa. Wanda ya ce "motan" da "rigan" ba ya bambanta mace da namiji, a duba Zazzau da Bauchi. In kuma ɗ da ƙ da ɓ sun ɓace masa gaba ɗaya, wataƙila tashin zango ne a Gana, ko Hausar ba ita ya sha a nono ba.

Gwaji mai sauƙi na gane mutumin Nijar: a ba shi kuɗi ya ƙirga. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5, jikka sefa 1000. Zai ce lakwal ba makaranta ba, ya ce jandarma. Amma a lura, baki yana nuna inda mutum ya girma, ba inda ya baro jiya ba. Ɗan ci-rani zai yi shekara 20 a Legas bakinsa na Maraɗi.

Tsaga kuma kar a tsaya hasashe a zaure, a kira tsohon wanzami ya gani da idonsa. Shi zai bambance ta Gobirawa da ta Kabawa da ta Barebari, ya kuma gane wadda ta gado ce da wadda ta magani ce ko ta ado. Amfaninta ga manya ne, yaran yanzu ba a cika yi musu ba.

Anti Mai Walwala:
Kawu ya tuna min da yara. Yaro ɗan shekara biyar ba ya sanin sunan ƙaramar hukuma. A tambaye shi wace rana kasuwar garinsu take ci, me ake nomawa, akwai kogi ko dutse, wa ake kira idan an yi faɗa, sunan malaminsu, sunan wanda yake goya shi. Ranar kasuwa kaɗai tana zubar da ƙauyuka da yawa daga lissafi. Sunansa ma sau da yawa laƙabi ne, saboda alkunya ba a kiran na yanka a gida. In ya ce Habu ko Garba ko Buba, a nemi Abubakar. In ya ce Iro, Ibrahim. In ya ce Audi ko Talle, akwai alamar maraici, wannan ma bayani ne.

Kuma sunan da yaro ya faɗa ba lallai nasa ba ne. Yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Anaca a 2019 an canza musu suna, wasu Hausar ma ta fara kuɓuce musu. Shekaru kuma a duba haƙori: turmin farko na dindindin yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen 12.

Idan kurma ne, a nemo kurma ɗan'uwansa, ba malamin da ya koyi maganar hannu ta boko kawai ba. Wanda ya tashi a ƙauye da alamun gidansu yake magana. Makarantar Tudun Maliki a Kano da ƙungiyoyin kurame suna da masu iya wannan.

Baban Iman:
Allah ya saka da alheri. To DNA fa? Tunda ita ta warware na Amurkan, me zai hana a fara da ita?

Malamar Lab:
Baban Iman, a nan mutane suke ruɗewa. DNA ba ta ɗauke da suna. Sai an samu wanda za a gwada da shi. Gwajin da aka saba, irin na tabbatar da uba, yana duba wurare kamar 20 a jikin ƙwayar halitta, ya ce wannan da wannan uwa da ɗa ne ko a'a. Wato amfaninsa yana zuwa bayan wani ya fito ya yi da'awa.

Abin da ya gano Benjaman Kyle wani salo ne daban. Ana karanta wurare dubu ɗari shida zuwa bakwai, a ɗora a rumbunan da jama'a suke sa nasu don neman dangi, a ga da wa ya yi tarayya kuma nawa. Ma'aunin sunansa santimogan. Uwa da ɗa kusan 3,500, 'ya'yan wa da ƙani wajen 850, waɗanda suka haɗa kakan iyaye wajen 230. Tawagar CeCe Moore, masaniyar bin diddigin zuriya ta hanyar DNA, ta ɗauki irin waɗannan dangi na nesa ta yi ta gina bishiyar zuriyarsu da takardun haihuwa da na aure har rassan suka haɗu a gida ɗaya a jihar Indiyana. Sai ga shi mutumin ya rabu da danginsa tun 1976, shi ya sa ba wanda yake cigiyarsa a 2004.

A wurinmu wannan salo zai yi tuntuɓe sau uku. Yawancin waɗanda ke cikin waɗannan rumbunan, Turawa ne, Bahaushe zai ɗora nasa ya ga wayam. Takardun haihuwa na kakanni babu. Ga auren zumunci, wanda yake kumbura lissafin, ɗan'uwa na nesa ya fito kamar na kusa domin ta hanya uku kuka haɗu.

Saboda haka a nan a ajiye DNA don tantance mai da'awa. A fi son uwa, sai uba, sai ɗan cikinsa. Gwajin 'yan'uwa ba shi da ƙarfi kamar na iyaye, na 'yan uba ya fi rauni tunda kusan kashi 25 cikin ɗari kawai suka haɗa, kuma dole a gaya wa lab tun farko ko ɗaki ɗaya ne ko uba kawai aka haɗa. Gwajin layin maza zai ce gidan ɗaya ne, amma ba zai raba ɗa da ɗan wa ba.

Ɗaukar samfurin: minti 30 ba ci ba sha ba goro, a sa safar hannu, a goga tsinken auduga a cikin kunci na daƙiƙa 30, biyu a dama biyu a hagu, a bari ya sha iska ya bushe, a sa a ambulan na takarda, a rubuta lamba da kwanan wata, shaidu su sa hannu a bakin liƙin. Wanda aka sa a leda da danshi yakan lalace kafin ya isa. Idan an yi masa ƙarin jini kwanan nan, a yi amfani da na kunci. Jihar Legas ta buɗe cibiyar binciken DNA tun 2017, akwai kuma masu zaman kansu.

Ɗan Agaji:
Wani gyara kaɗan, Malama. Kin ce sai wani ya fito, to sau da yawa ya riga ya fito, a wani littafin yake. Uwa ta kai cigiya ofishin 'yan sanda a wata jiha, shi kuma yana kwance a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Barnawa ko Maiduguri ko Dawanau, littafin can bai san na nan ba. Don haka mai neman dangin mara suna ya bi inda masu cigiya suke zuwa: gidajen rediyo, masallatan Juma'a, fadar hakimi, ofishin Hisba, gidajen yara na gwamnati. Idan akwai alamar daga Arewa maso Gabas ya fito, a je reshen Red Cross na jihar. Su da ICRC, wato Red Cross ta ƙasa da ƙasa, suna riƙe da sunayen mutum sama da dubu 20 da danginsu suka ba da cigiya a Najeriya, da yawansu yara ne lokacin da suka ɓata, kuma suna iya bincikawa har sansanonin Difa a Nijar da Minawawo a Kamaru da yankin tafkin Chadi. Kyauta ne.

Dokta Mai Sauƙi:
Abu ɗaya da ya bambanta mai rai da gawa: yana da ta cewa. Idan hankalinsa ya dawo ya ce kar a sa hotonsa, ko kar a gaya wa wane inda yake, babba ne, a saurare shi. Akwai matar da gudowa ta yi daga duka, akwai wanda ake nema da sharri. Kafin a shigo da mai da'awa ɗaki, a nuna wa mara lafiyar hotonsa a waya, ko ya hango shi ta taga, a lura da fuskarsa.

Maman Hanif:
Na karɓi gyara. To wanda ya riga ya sa hoto aka kuma samu dangin, ya zai yi da wanda ya bazu?

Malam Na Rajista:
Kar ya goge rubutun farko nan take, Hajiya. Ya gyara shi, ya sa "AN SAMU DANGINSA" da kwanan wata a layin farko, ya cire lambar waya, domin a Facebook duk wanda ya yaɗa daga wurinsa zai ga gyaran. Bayan mako guda sai ya sauke hoton. Na WhatsApp da ya riga ya bazu ba ya gyaruwa, sai dai ya tura sabon saƙo a duk zaurukan da ya sa na farko, ya kuma koma ofishin 'yan sanda da gidan rediyon ya ce a rufe cigiyar.